Jama'a a yi hattara da masu ba da hayar gidan da ba nasu ba

Salam jama'a, dan Allah duk mai neman gidan haya ya tsaya ya karanta wannan, ƙanwata abin ya faru da ita kuma ina wajen, har yanzu raina a ɓace yake wallahi.

A Facebook ta ga tallan wani fulat, hotuna tsaf tsaf har da kujeru da gado, kuɗin kuma ya yi ƙasa da na irinsa sosai. Ta kira lambar, mutumin ya ce shi dillali ne, mai gidan yana ƙasar waje shi aka damƙa wa komai. To abin da ya ruɗe mu shi ne ya kai mu gidan fa, da makulli a hannunsa ya buɗe muka shiga, ni da kaina na murɗa famfon kicin ruwa ya zubo, na kunna fanka ta juya. Muna cikin dubawa wayarsa sai ƙara take yana ta cewa "Hajiya ga wasu nan suna hanya, in ba ki ba da kafin alƙalami yau ba gobe ba ruwana". Nan take ta tura masa rabin kuɗin, ya rubuta mata rasit da biro a tsaye.

Ranar da ta je karɓar makulli ta tarar da wasu mutum biyu a ƙofa kowa riƙe da irin rasit ɗinta. Mai gadi ne ya warware mana, ashe gidan irin na hayar kwana-kwana ne, mutumin kama shi ya yi na 'yan kwanaki yana ta kawo mutane yana karɓar kuɗi. Layinsa a kashe, a WhatsApp ma ya toshe mu.

Shi ya sa nake roƙonku, ganin makulli a hannun mutum ba shi ne shaidar yana da iko da gida ba. Kafin ku ba da ko sisi ku koma ku kaɗai ba tare da dillalin ba, ku tambayi mai gadi da maƙwabta gidan waye, wa ke karɓar haya. Ku nemi magana da mai gidan ido da ido ko ta bidiyo, a nuna muku takardun gida da takardar wakilci, sunan da ke kan akawun ya dace da na yarjejeniya. Mu akawun ɗin wani suna daban ya nuna, ya ce na matarsa ne muka yarda, wannan ya fi ci min rai. Hotunan ma ku saka su a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, da muka gwada daga baya sai ga gidan a shafin masu hayar kwana.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya kira bankinsa a take, ya adana hirarsu da shaidar turawa ya kai wa 'yan sanda. Mu mun kai namu, muna jira.