Jagorar WHO kan ƙirƙirarriyar basira: ta isa a horar da ma'aikatan asibiti da ita?

Duk asibitin da zai shirya wa ma'aikatansa bita kan ƙirƙirarriyar basira, wato AI, da kundi biyu na Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, yake fara cin karo. Na farko ya fito a Yunin 2021, kan ɗa'a da tafiyar da AI a harkar lafiya. Na biyu ya fito a Janairun 2024, kan manhajoji irin su ChatGPT, ɗauke da shawarwari sama da 40. Kyauta ake sauke su. A ganinmu sun dace da shugaban asibiti da kwamitin da ke sayen manhaja, amma nas ɗin da ke aikin dare ba za ta tsinci abin da take nema a ciki ba sai an yi musu ƙari.

Abin yabo shi ne bayanin yadda ma'aikaci ke sallama wa na'ura. Idan manhaja ta yi daidai sau da yawa, sai ido ya daina dubawa, ranar da ta kauce kuma babu mai lura. Kundin 2024 ya faɗa ƙarara cewa waɗannan manhajoji kan kawo amsar ƙarya, ko ragaggiya, ko mai son kai, cikin lafazi mai gamsarwa. Ƙa'idoji shida na kundin 2021 kuwa, irin su barin hukunci a hannun ɗan'adam da sanin wanda zai ɗauki alhaki, karatun minti goma ne. Kada a cinye rabin yini a kansu.

Matsalar ita ce Turanci ne irin na masu tsara manufofi, kuma ba a kan dokar wata ƙasa guda aka gina su ba. A Najeriya dole mai horarwa ya haɗa da Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta sa bayanan lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri. Idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, awa 72 asibiti ke da ita ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta riga ta wajabta rufe sirrin majinyaci. Ma'aikacin da bai san wa zai kira a awar farko ba, shi ne ke cinye awa 72 ɗin yana shiru don tsoron takardar tuhuma.

Sai inda sirrin ke yoyo a zahiri, wanda kundin bai sauko gare shi ba. Likita ya ɗauki hoton sakamakon gwaji ya tura wa manhaja ta fassara masa, ya rufe sunan da yatsa, amma lambar kati da ranar haihuwa da lambar waya suna nan a fili. Hoton ya zauna a wayarsa, ya hau ma'ajiyar Google da kansa, in kuma ya tura shi zauren WhatsApp na sashen, ya sauka a wayar duk wanda ke ciki. Cire suna ma bai wadatar ba: "mace 'yar shekara 19, mai sikila, daga unguwa kaza" a ƙaramin gari, kowa ya san 'yar gidan wane ce. Ga kuma kalmar sirri ɗaya da mutum shida ke shiga kwamfutar ɗakin kati da ita, ta yadda in an buɗe fayil ba a san hannun wa ba.

Don haka bitar ta fi amfani idan aka raba ta gida uku, awa ɗaya ɗaya, mutum 15 zuwa 20 a zama. Awar farko a raba takardun gwaji na bogi, kowa ya soke duk abin da zai tona mai takardar. Ta biyu lissafin magani: yaro mai kilo 12, parasitamol miligiram 15 a kowane kilo, ya kama 180. Idan ruwan maganin mai miligiram 120 ne a mililita 5, za a ba shi mililita 7.5. Manhajar da ba a gaya wa ƙarfin kwalbar ba, za ta iya ba da wannan adadin alhali kwalbar da ke hannu mai miligiram 250 ce a mililita 5, yaro ya sha miligiram 375, fiye da ninki biyu. Awa ta uku a gwada kai rahoto: wa za a kira, me za a rubuta, ƙarfe nawa aka gano.

Misalin da ya fi shiga kunnen likitoci shi ne na Jami'ar Mishigan a Amurka, inda binciken 2021 ya nuna manhajar kamfanin Epic ta hasashen gubar jini ta kasa gano kusan kashi biyu bisa uku na masu cutar. Su kuwa masu kati da masu ba da magani da leburorin ɗaki, a yi musu nasu zaman da Hausa, domin fayil ya fi daɗewa a hannunsu fiye da hannun likita.