Na canza wa Corolla famfon ruwa a tsakar gida: ra'ayina kan na Aisin

Motata Corolla ce ta 2005, 'yar Amurka, mai injin 1ZZ-FE lita 1.8. Famfon ruwan da ke cikinta yanzu na kamfanin Aisin ne, mai lamba WPT-106, kuma ni na ɗaura shi da hannuna a tsakar gida. Tun daga nan ta ci bazara guda cur a Kano, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da cunkoson Kurna da yamma, amma allurar zafi ba ta taɓa gota inda ta saba tsayawa ba, ɗan ƙasa da rabi. Kaya ya yi kyau, ba ni da ƙorafi a kansa. Aikin ma mai yiwuwa ne ga wanda ya saba riƙe sufana. Sai dai ba a kowace mota ba, kuma idan ruwan rijiya za ka ci gaba da ɗura wa lagireto, to ka bar kuɗinka a aljihu.

Tsohon famfon bai mutu farat ɗaya ba. Da farko ruwan ƙaramin tanki ne ya riƙa raguwa ba tare da an ga inda yake bi ba. Daga baya wata ƙara ta shigo, gurnani ƙasa-ƙasa daga ɓangaren fambel, da safe an fi jin ta. Da na haska tocila ƙarƙashin fulin famfon sai ga wata dauɗa ta bushe, fari-fari da launin tsatsa, ta gangaro daga wani ɗan rami da ke jikinsa. Ramin nan da gangan aka yi shi: idan sil ɗin da ke hana ruwa isa ga boris ya fara gajiya, ta nan ruwan ke tsattsafowa don a gani. Ɗan tabo kaɗan ba abin damuwa ba ne, ko sabon famfo yakan yi. Amma layi mai kauri, ga ƙara, ga ruwa na raguwa, magana ta ƙare. Ranar da na cire fambel na kama fulin na girgiza, sai na ji yana kaɗawa gefe da gefe. Famfo mai lafiya ba ya wannan rawar.

A kasuwar kayan gyara, da na faɗi abin da nake nema, mai shagon ya jero min uku a kan benci. "Alhaji, ga na Beljiyam, ga mai sauƙi, ga orijina. Wanne za a ba ka?" Na Beljiyam ina sayensa a wasu abubuwan, kamar ƙofa ko fitila ko madubi, amma ban da famfon ruwa. Ba ka san shekarun da ya yi yana aiki ba, ba ka san tsawon zaman da ya yi a bushe cikin kwantena ba, kuma abin da ke lalacewa a cikinsa ido ba ya ganinsa. Mai sauƙin kuwa ko sunan kamfani babu a jikinsa, sai a kwali kawai. Na ɗauki na Aisin duk da kuɗinsa ya yi wa mai sauƙin nisa sosai. Aisin kamfanin Japan ne na cikin gidan Toyota, hedikwatarsa a Kariya, kuma shi ke ƙera wa Toyota famfunan ruwa da yawa tun daga masana'anta. Sau tari abin da ke cikin kwalin Toyota da wanda ke cikin kwalin Aisin daga hannu ɗaya suka fito.

Kwali dai kowa na iya bugawa, don haka jikin kayan na duba. Sunan kamfanin a zube yake cikin alminiyon, ba manna shi aka yi ba. Fuskar da za ta zauna a jikin inji sumul take, babu ƙaiƙayi a bakin ramukan noti. Na juya fulin da yatsu: yana tafiya da ɗan nauyi daidai wa daida, babu ƙara, babu inda yake cijewa. Wanda ke wulwulawa sakaka kamar tayar keke, a yi hattara da shi. Zoben roba sabo na cikin kwalin. Shawarata ga mai saye, ya karanta lambar injinsa kafin ya fita daga gida, don Corolla 'yan Turai da suka cika gari da yawansu injin 1.4 ko 1.6 gare su, kuma ya ɗauki hoton tsohon famfon a waya ya gwada.

Abin da ya sa na yarda na taɓa aikin da kaina shi ne yadda aka tsara wannan injin. Sarƙa yake amfani da ita wurin tayimin, famfon kuma a waje yake, fambel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya shi. Noti shida ne kawai ke riƙe da shi. Kayan aikin ba su da yawa: soket mai lamba 10, 12, 14 da 19, doguwar sufana, jak da abin tokare mota, baho, mazurari, tsumma. Ƙanena ya riƙe min tocila.

Da sassafe na fara, mota ta kwana ba a tayar ba. Wannan ba abin wasa ba ne. Ruwan lagireto mai zafi a matse yake, yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana buɗe marfin zai yi tsiri ya saɓule maka fata. Na cire wayar batir ta baƙi, na ɗaga gaban mota na tokare ta, na cire tayar dama da robar da ke bayanta. Jak kaɗai ba a shiga ƙarƙashinsa, musamman a tsakar gida mai ƙasa. A gindin lagireto akwai ɗan makunni na roba da ake murɗawa ruwa ya zubo. A bi shi a hankali, roba ce da ta sha zafi shekara da shekaru.

Inda aikin ya fi cin rai shi ne fambel. Kafin ka taɓa shi ka ɗauki hoton yadda ya zagaya, don bel ɗaya ne dogo da ke bi ta kan fuli da yawa, wani ta cikinsa wani ta bayansa, kuma da zarar ya sauka sai hanyar ta ɓace maka. Tenshina na wannan injin, wato abin da ke danne bel ɗin ya yi tauri, yana da wani kai mai kusurwa shida da aka zuba a jikinsa, lamba 19. Kamar noti yake a ido amma ba ya kwancewa, wurin kamawa ne kawai. Za ka sa doguwar sufana ka danna ta yadda hannun agogo ke tafiya, sannu a hankali, domin akwai ɗan shokoba mai mai a ciki da ba ya son gaggawa. Kana dannawa kana jin yana bayarwa kaɗan-kaɗan. Wanda ya fizga da ƙarfi, ko ya sa soket da bai zauna sosai ba, sai kan ya gurje, alminiyo ne, daga nan kuma aikin awa biyu ya koma na yini. Wurin ma a matse yake tsakanin inji da jikin mota, hannu sai ya sha karta. A nan ne mutum na biyu ke da rana: ɗaya ya danne, ɗaya ya zame bel.

Altaneta na cire shi gaba ɗaya. Akwai masu yin aikin ba tare da sun taɓa shi ba, amma noti biyu ne da wayoyi, kuma cire shi na buɗe maka fili ka ga abin da kake yi.

Notocin famfon shida ba tsayinsu ɗaya ba, akwai gajeru akwai dogaye. Na zana siffar famfon a bayan kwalinsa, na huda, duk wanda na kwance sai na soka shi a gurbinsa. Famfon bai fito nan take ba, sai da na ɗan bubbuga shi da ƙotar guduma. Kada a cusa sukundireba tsakaninsa da inji a banƙara, fuskar za ta ji rauni, kuma raunin nan yoyo ne na har abada. Yana fita sai ragowar ruwa ya kwararo, don haka baho ya zauna a ƙasa.

Abin da na gani a bayan tsohon famfon shi ya sa na zauna rubuta wannan. Fukafukansa sun yi ja da tsatsa, bakinsu ya zaizaye. Ramin da yake zama a ciki ya yi ɓawon fari mai kauri irin na gindin butar shayi. Mai motar na farko ruwa zalla yake zuba mata, kamar yadda akasarinmu ke yi: ruwan burtsatse, ruwan rijiya, in an matsu a hanya a fasa fiyawata. Hujjar da ake kawowa ita ce wai ruwan kala, wanda aka yi musamman don lagireto, na ƙasashen ƙanƙara ne, mu nan me zai daskare? Daskarewa ɗaya ce kawai daga cikin ayyukansa. A cikinsa akwai sinadaran da ke hana ƙarfe tsatsa, su hana alminiyo zaizayewa, kuma wannan injin kusan dukkansa alminiyo ne. Haɗin rabi ruwan kala rabi ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 107, in ka ƙara da matsin marfin lagireto sai ya haura 120. Sil ɗin famfon kuma fuska biyu ne masu santsi da ke gugar juna, ruwan ne ke jiƙa su. Ka sa masa ruwa mai gishiri da ɓurɓushin tsatsa, ka sa masa samfefa ke nan. Ko famfon wane kamfani ne ba zai yi ƙarko a haka ba, sai a zo ana cewa kayan yanzu ba su da aminci.

Ɗaura sabon bai ɗauki lokaci ba. Na goge gurbin da tsumma har ya yi fes, na jiƙa zoben robar da ruwan kala, na zaunar da shi ba tare da ya murɗe ba. Wani maƙwabcina bakanike ya leƙo yana kallo, ya ce, "Malam, ba za ka shafa gam ba?" Na ce masa, "Oga, wannan zoben shi ne gasket ɗin." Bai gamsu ba, ya tafi yana girgiza kai. Gam a irin wannan wuri ba ya ƙara komai, in ya yi yawa ma ɓallewa yake ya shiga ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Famfon ya shiga gurbinsa ba tare da dole ba, ramuka shidan suka dace tashi ɗaya, kuma a nan ne kake gane bambancin kaya mai kyau. Na fara ɗaura notocin da yatsu, sannan na bi su ɗaya nan ɗaya can. Ƙarfin da littafin gyara ya ƙayyade kaɗan ne, 9 zuwa 11 Nm. Ƙananan notoci ne cikin alminiyo, wuyan hannu ya isa, ba a sa kafaɗa.

Ruwan da na zuba mai ruwan hoda ne na Toyota, wanda ke zuwa a haɗe. Jan nasu kuma sai an sirka shi rabi da rabi da ruwan da aka tace, wanda babu gishiri a cikinsa. Masu sayen ruwan batir don wannan su tabbatar ba mai asid aka ba su ba. Injin na cin wajen lita 6.5 in ya bushe ƙarƙaf, amma ba duka ke fita ba, shi ya sa na fara ɗauraye shi da tataccen ruwa har abin da ke zubowa ya daina yin ja.

Fitar da iska shi ne matakin da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Na murɗa hita zuwa zafi, na riƙa zuba ruwan a hankali ina matsa babban tiyo na sama. Na tayar da mota marfi a buɗe. Da farko shiru, sai ƙananan kumfa. Can da injin ya ɗau zafi, tamostat, ɗan makunnin da ke buɗe wa ruwa hanya tsakanin inji da lagireto, ya buɗe wajen digiri 82, sai ruwan da ke bakin lagireto ya faɗa ƙasa lokaci guda, manyan kumfa suka biyo baya ɓul-ɓul. Na cika, na jira fanka ta tashi ta tsaya, na rufe. Washegari da ta huce na sake ƙarawa kaɗan. Tamostat ɗina yana nan, kuma ban yarda da al'adar cire shi a haɗa fanka kai tsaye ba. Injin da ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa ya fi shan mai, kuma cire shi ɓoye ciwo ne kawai.

Tsohon ruwan kada a bar shi a baho a tsakar gida. Yana da zaƙi-zaƙi, kuma guba ne mai kashe ƙoda. Akuya, kyanwa, kaji, uwa uba yaro mai rarrafe. Ni a jarka na juye shi na rufe, inda ya zuba kuma na bi da yashi na kwashe.

Wanda ke da Camry mai injin 2.2 ta 1997 zuwa 2001, ko Sienna da Camry masu V6 na wancan zamanin, ko Honda Accord ta 1998 zuwa 2002, labarinsa daban ne. A waɗannan bel ɗin tayimin ne ke juya famfon, sai an buɗe gaban inji kafin a kai gare shi, kuma haƙori ɗaya in ya goce mota ba za ta yi daidai ba. A Hondar ma kuskuren tayimin na iya sa fistin ya daki bawul. Wannan aikin gareji ne, kuma in an buɗe a canza bel ɗin da famfon tare, kuɗin aiki ɗaya. Haka wanda motarsa ta riga ta yi obahitin har ta mutu a hanya, ko yake ganin baƙin mai ya koma kalar madara: sabon famfo ba zai gyara gasket ɗin kan inji ba.

Kuɗin aikin da na tsira da shi ba wani mai yawa ba ne, gaskiya, kanikawanmu ba sa tsawwalawa a irin wannan. Ribar ita ce na san famfon da ke ciki, na san ruwan da ke ciki. Fambel ma na canza shi a ranar tunda ya fara tsattsagewa kuma ruwa ya jiƙa shi. Tenshina ne ban canza ba, ga shi yanzu ya fara 'yar ƙara in an kunna esi, shi ne aiki na gaba in albashi ya shigo.