Wace Mujalla Za Ka Kai wa Binciken Duwatsunka?

Wani ɗalibina na digiri na biyu ya shigo ofis watannin baya da fara'arsa, waya a hannu. "Malam, an karɓa," in ji shi. Kwana huɗu ke nan da ya tura wa wata mujalla maƙalarsa a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na wani gari. Na karɓi wayar na karanta saƙon. Babu gyara ko na waƙafi, babu tambaya ko ɗaya, sai yabo da lambar asusu da adadin dalolin da zai biya kafin mako ya zagayo. Na ce da shi, "Kai da ka yi wata uku kana jan waya a cikin rana kana buga ƙarafa a ƙasa, kana ganin akwai masanin da ya zauna ya karanta aikin nan cikin kwana huɗu?" Ya yi shiru yana kallon tebur.

Abin da nake gaya wa duk mai shirin buga bincike a fannin ilimin ƙasa da duwatsu shi ne ya zaɓi mujalla kafin ya rubuta layin farko. Mujalla ce ke yanke tsawon maƙala, da yawan hotuna, da irin hujjar da za a nema, har da tambayar da za ka sa a gaba. Kuma farashinta ba kuɗi kaɗai ba ne. Akwai wadda za ka biya da naira, akwai ta dala, akwai wadda ba ta karɓar ko sisi amma za ta ci maka shekara guda.

Kafin ka leƙa kasuwar, duba abin da ke cikin jakarka. Wanda ya auna juriyar ƙasa da lantarki a wurare ashirin don gano inda za a haƙa rijiyar burtsatse, hajarsa daban take da ta wanda ya aika samfurin duwatsu waje aka auna masa sinadarai, ko aka fitar masa da shekarun dutse daga ƙwayoyin zirkon. Dukansu aiki ne na gaske, sai dai masu sayensu sun bambanta.

Mujallun gida su ne na kusa da hannu. Ƙungiyar masana ma'adinai da ilimin ƙasa ta Najeriya, NMGS, wadda aka kafa a 1961, tana buga Journal of Mining and Geology. Masu neman man fetur suna da NAPE Bulletin. Ga kuma mujallun jami'o'i, da yawansu suna kan dandalin AJOL, wanda tun 1998 yake tattara mujallun Afirka wuri guda. Amfaninsu a fili yake. Kuɗin da sauƙi, kuma mai yi maka bita, wato masanin da mujalla ke ba aikinka ya tantance kafin a buga, wataƙila ya taɓa tsayawa da guduma a kan dutsen farar ƙasa na Kalambaina ko laka ta Dange, ba sai ka yi masa dogon bayanin inda Sakkwato take ba. Masu karantawa ma su ne ainihin mabuƙata aikin: ma'aikatan hukumar binciken ƙasa ta NGSA, da hukumomin ruwa na jihohi, da masu haƙar burtsatse. Inda gizo ke saƙar shi ne wasu ba sa fitowa a kan lokaci, kuma da yawansu ba sa cikin Scopus ko Web of Science, wato manyan jerin mujallun da aka tantance a duniya. Idan kwamitin ƙarin girma na jami'arku yana ware wani kaso na maƙalu da dole su kasance cikin waɗannan jerin, to ka nemi takardar ƙa'idar ka karanta da idonka, kada ka dogara da hirar ɗakin shan shayi.

Sai manyan mujallun ƙasa da ƙasa, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan aka fi yin kuskuren lissafi. Mutane da yawa suna zaton sai mai dala ke shiga mujallun manyan mawallafa irin Elsevier ko Springer. Ba haka ba ne. Journal of African Earth Sciences, wadda ke fitowa tun 1983, da Lithos, da Precambrian Research, da Hydrogeology Journal, duk ƙofa biyu gare su. Idan kana son kowa ya karanta kyauta, sai ka biya kuɗin buɗewa, wanda kan kai dubban daloli. Idan ka bi tsohuwar ƙofa, ba ka biyan wannan kuɗi, ɗakunan karatu masu rajista ne ke biya. Na sha ganin malami ya fasa turawa don ya hango farashin ƙofar farko, alhali ta biyun a buɗe take. Abin da kawai za ka tabbatar a cikin ƙa'idojin mujallar shi ne ko akwai cajin hoto mai launi a bugun takarda ko na shafukan da suka wuce iyaka.

Abin da waɗannan mujallu ke karɓa a madadin kuɗi shi ne amsar tambaya ɗaya: me ya sa wanda bai taɓa zuwa garinku ba zai damu da wannan? Ɗauki duwatsun giranit masu siffar zobe da suka taso daga tsaunukan Azbin a Nijar suka gangaro ta Riruwai har Filato, inda aka daɗe ana haƙar kuza. An san shekarunsu suna raguwa daga arewa zuwa kudu, na Azbin sun fi tsufa nesa ba kusa ba, na Jos kuwa na zamanin Jurasik ne, wato lokacin manyan dabbobin nan dinaso. Idan awonka ya ƙara wani abu a kan dalilin wannan jeri, editan Lithos zai saurare ka. Idan kuwa cewa kawai ka yi ga dutse, ga launinsa, ga ma'adinan cikinsa, zai mayar maka da ita tun daga kan teburinsa ba tare da ta kai ga masu bita ba. Haka duwatsun Maru da Anka da Birnin Gwari masu zinare. Labarinsu yana haɗe da gagarumin karon da ya naɗe ɓawon ƙasar wannan yanki shekaru kusan miliyan 600 da suka wuce, kuma dangin waɗannan duwatsu suna Hoggar a Aljeriya da arewa maso gabashin Burazil. Wanda ya iya ɗaura samfurinsa na Zamfara a kan wannan zance, Precambrian Research gidansa ce. A cikinsu duka, ni dai Journal of African Earth Sciences nake fara nuna wa sabon hannu, domin Afirka ce farfajiyarta, ba za a ce maka aikinka ya cika zama na yanki ba don kawai a kwarin Binuwai ko tafkin Chadi aka yi shi. Amma ko ita tana son ka nuna abin da ya wuce bayanin wuri.

Aibin tsohuwar ƙofar manyan mujallun nan guda biyu ne. Jira na watanni, wani lokaci zagaye biyu ko uku na gyara. Sannan idan ta fito, abokin aikinka da ke wata jami'a marar rajista ba zai iya buɗe ta ba. Maganin na biyun akwai shi: ana iya ajiye kwafin farko a EarthArXiv, rumbun da aka buɗe a 2017, matuƙar mujallar ta yarda, kuma yawancin manyan sun yarda.

Mujallar Geology ta ƙungiyar masana ƙasa ta Amurka kuwa, shafi kusan huɗu take ba mutum, kuma sakamako take so wanda zai sa masana a ko'ina su ɗago kai. Ba wurin kai babin digiri ba ne.

Akwai mujallun da ƙofa ɗaya ce gare su, a buɗe ga mai karatu, mai rubutu ke biya. Na ƙungiyar masana ƙasa ta Turai da Copernicus ke bugawa, irin su Solid Earth, suna da wani tsari da ya kamata ka sani kafin ka shiga: maƙalarka da sharhin masu bita da amsarka duk a bainar jama'a ake sa su. Idan aikin yana da ƙwari, wannan riba ce. Idan akwai ɓaraka, duniya za ta gani. Na kamfanin wallafa MDPI, irin su Minerals da Geosciences, an san su da sauri, kuma ra'ayin malamai ya rabu a kansu, wasu na yabon saurin, wasu na ganin bitar ba ta cika zurfi ba. A irin waɗannan duka, nemi rangwame tun ranar turawa. Mawallafa da yawa suna rage kuɗi ko yafe shi ga marubutan ƙasashen da ke cikin tsarin Research4Life na tallafa wa masu bincike a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma wanda ya bari sai an karɓi maƙala sannan ya fara roƙo, ya fafe gora ranar tafiya.

Sabon abin da ya fi burge ni shi ne mujallun da masana da kansu suka kafa, ba mai rubutu ke biya ba, ba mai karatu ba. Volcanica ta fara a 2018 don aman wuta, daga 2022 kuma Tektonika da Seismica da Sedimentologika suka biyo baya. Mai aiki a kan tsaunukan Biu ko jerin duwatsun aman wuta na Kamaru yana da wuri a Volcanica. 'Yan'uwanmu na Yamai da Damagaram da suka fi sakewa da Faransanci suna da Comptes Rendus Géoscience ta cibiyar kimiyya ta Faransa, wadda ta koma wannan tsari a 2020 kuma tana karɓar harsunan biyu. Bitar waɗannan mujallu ba ta wasa ba ce. Abin dubawa shi ne ƙuruciyarsu, domin wani kwamitin bai san sunansu ba tukuna, sai ka tambaya kafin ka zuba aikin shekara biyu.

Mu koma kan saƙon ɗalibina. Gane mujallar bogi ba ya buƙatar zuwa wurin boka. Tambarin Scopus da ke kan shafinta ba hujja ba ne, kowa zai iya manna hoto. Shiga jerin Scopus ɗin da kansa, ko DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta, ka nemi sunan da lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla, ka kuma duba ko an cire ta, domin ana cirewa. Buɗe maƙalu uku na fitowar ƙarshe. Idan ka ga binciken zinare kusa da na kiwon kaji da na koyar da Turanci, ka san inda ka shigo. Babban suna ma ba ya hana ɓarna. A 2021 Springer Nature ta janye maƙalu fiye da arba'in daga Arabian Journal of Geosciences, bayan an gano an cusa shirme ta hanyar fitowa ta musamman. Tun daga nan nake ƙara taka tsantsan da gayyatar da ke faɗowa cikin imel daga baƙon edita da ban san shi ba.

Idan ka tsayar da mujalla, ɗauko ƙa'idojinta na marubuta ka bi su kamar mai bin takardar likita. Elsevier kan nemi gajerun jimloli uku zuwa biyar na muhimman sakamako, kowace kada ta wuce harafi 85 har da tazara. Sa lamba a kowane layi don masu bita su sami abin nuni. Kundin digiri ba maƙala ba ne, wannan dogon babi na tarihin yanki da yanayin damina da ciyayi yanke shi za ka yi, ko da ranka ba ya so.

Taswira ce ke fara tona asirin mutum. Ni kaina an taɓa dawo mini da aiki saboda na ɗauko iyakokin duwatsu daga tsohuwar taswira mai ma'aunin Minna, wato tsohon tsarin lambobin wuri na Najeriya, na ɗora mata wuraren samfur daga GPS mai ma'aunin duniya na WGS84, ban daidaita su ba. Wani samfur da na ce daga jikin giranit na sare shi sai ya faɗa cikin dutsen da ke maƙwabtaka da shi. Mai bita ya kewaye wurin ya rubuta tambaya ɗaya tak, ni kuwa na yi kwana biyu ina jin kunya. Saboda haka faɗi ma'aunin da ka bi, sa sikeli da alamar arewa, sa sandar awo a kowane hoton madubin ƙara girma, ka kuma buga taswirar da baƙi da fari ka ga ko ana bambance duwatsun. A awon sinadarai, ambaci ɗakin gwajin, da na'urar, da samfurin ma'auni da aka gwada tare da naka, da mafi ƙarancin abin da na'urar ke iya ganowa. Mujallu da yawa yanzu suna son a ajiye ɗanyen bayanan a rumbu irin EarthChem ko PANGAEA ko Zenodo. Wanda bai rubuta lambobin wuri a littafin fili ba tun yana daji, a nan zai gane kurensa.

Wasiƙar edita kada ta wuce shafi: ga abin da muka gano, ga dalilin da ya dace da wannan mujalla, ba mu tura wa kowa ba. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da gaske, mujalla ɗaya a lokaci ɗaya. Jerin sunayen marubuta kuma a gama shi da kowa kafin a danna maɓalli. Idan an ce ka ba da sunayen masu bita, kada ka sa malaminka ko abokin ofishinka.

Ɗalibin nawa bai biya dalolin ba. Ya rubuta musu cewa ya janye, muka ajiye kwafin saƙon, muka sake gina maƙalar muka tura wa wata mujallar gida da ake yi wa bita ta gaske. Bayan wata huɗu amsa ta zo da shafi uku na gyara. Mafi nauyi a ciki, mai bita na biyu ya ce awon lantarki shi kaɗai ba ya tabbatar da zurfin ruwa, a kawo bayanan rijiyoyin da aka riga aka haƙa a yankin a gwada su da juna. Jiya da safe ya hau babur ya tafi wurin masu haƙar burtsatse, ko za su bar shi ya kwafi littafin aikinsu.