Tsohon gidan haya a Sabon Gari ko fili a Samaru?

Malam, ka ce an yi maka tayin tsohon gida mai ɗaki goma a Sabon Garin Zariya da 'yan haya a ciki, kana kuma tunanin ko gara ka sayi fili wajen Samaru ka gina a hankali.

Tsohon gidan yana da daɗinsa: kana biya kuɗin haya ya fara shigowa, ga kasuwa kusa, ɗaki ba ya daɗewa babu kowa. Sai dai Sabon Gari tun zuwan jirgin ƙasa ta kafu, kuma wasu gidajen ginin ƙasa ne aka bi da shafen siminti aka sha fenti. Ka je da magini ya ƙwanƙwasa bangon. Inda ka ji yana amsawa kamar ganga, shafen ya rabu da ƙasa. A ɗaga silin a ga ko gara ta cinye katako. In da hali ka duba gidan a watan Agusta, lokacin da danshi ke hawa gindin bango, kwano na yoyo, masai na cika. Dillali kuwa da rani zai so ya kai ka.

Wannan duk kuɗi na gyara shi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gado. Da yawa cikin irin gidajen nan na magada ne, babban wa ya sa a kasuwa, ƙanwarsu da ke aure a Kano ba ta ma ji ba. Ka gama gyara, sai ga sammaci daga kotu. Sa hannun mai unguwa shi kaɗai bai isa ba. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu, sannan lauya ya bincika maka a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, ko an jinginar da gidan a banki. Ga bashin wuta da ake gada tare da mita, ga tsohon ɗan haya da ke biyan kuɗin zamanin marigayi, wanda in ka ce za ka ƙara masa unguwa ta ce ba ka da tausayi.

Fili ba shi da ɗan haya balle gara, amma kuɗinka zai kwanta, siminti na ta tashi, kuma shi ma ana sayar da shi ga mutum biyu. Sai ka nemi izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Samaru kuma ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ne kasuwarta. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, masu gidaje sun ji shi a aljihu.

Ni dai in ginin ƙasa ne, kuɗin fili kawai zan taya, in cire na rushewa. In bulo ne kuma takardu sun fita tsaf, ka saya, amma hayar shekarar farko ka bar wa kafinta da magini.