Malamar ko baban yaran? Amsar tambayar Hajiya kan zaɓen hukumar makarantu

Salamu alaikum Hajiya, barka da samun takardar zama 'yar ƙasa, Allah ya sa albarka. Tun jiya da daddare na ga tambayarki ina wurin aiki shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Kin ce a gundumarku mutum biyu ke neman kujera ɗaya a hukumar makarantu, ɗaya mace ce tsohuwar malama wadda ita ke kan kujerar yanzu kuma ƙungiyar malamai na bayanta, ɗayan kuma wani uba ne sabon shiga da ya zo masallacinku ran Juma'a ya yi maganar hutun Sallah da abincin halal da littattafan da ake karanta wa yara, kowa ya ji daɗinsa, toh wa za ki ba.

Kafin in jera miki su, sai mun san aikin kujerar tukuna, don a gida ba mu saba da wannan zaɓen ba, can gwamna ne ke naɗa shugaban SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, shi kenan. A nan Amurka akwai hukumomin makarantu wajen 13,000 kuma yawancinsu jama'a ke zaɓa. Ba su ke koyarwa ba, ba kuma su ke gudanar da makaranta kullum ba. Su ke ɗaukar sufuritanda, wato shugaban duk makarantun gundumar, su kuma sallame shi, su tsara kasafin kuɗi, su sa dokoki, su yanke kalandar shekara, su ja iyakar unguwanni wato wace makaranta yaronki zai tafi. Mu nan Montgomery a jihar Maryland manya bakwai ne da ɗalibi ɗaya, wa'adin manyan shekara huɗu, yara wajen 160,000 ne a hannunsu da kasafin da ya haura dala biliyan 3. Kinga kuwa ba ƙaramar amana ba ce.

Toh a kan sanin aiki malamar ta fi shi, wannan babu ja. Ta san yadda ake karanta kasafi, ta san mafi yawan kuɗin a albashi da inshorar ma'aikata yake tafiya, abin da ya rage shi ake ta ja-in-ja a kai, motar yara, malaman koya wa baƙin yara Turanci, masu taimaka wa yara masu buƙata ta musamman. Shi baban yaran sai ya shekara yana koyo. Amma fa saninta ba shi ke nufin tana tare da ke ba. Alherin wanda ke kan kujera shi ne ya bar sawu, mitin ɗinsu a buɗe ake yi, yawanci ana ɗora bidiyon da rubutaccen bayanin zaman a shafin hukumar, za ki ga ranar da aka yi ƙuri'a kan kalanda ko kan rage malaman Turanci ina ta ɗaga hannu. Dan Allah ki ba wannan awa ɗaya ko ki sa babbar 'yarki ta nemo miki, ya fi duk wata fosta da za a liƙa miki a ƙofa.

Shi kuma ba shi da wannan sawun, sai bakinsa. Ba laifi ba ne, kowa da ranar farawarsa, sai dai ki nemi abin da zai tsaya a madadin. Ya taɓa zuwa mitin ɗin hukumar ya yi magana a 'yan mintocin da ake ba jama'a tun kafin ya fara neman kujera? Ya taɓa riƙe wani abu a ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar yaransa? Yaran nasa ma a makarantar gwamnati suke? In duk amsar e ce to mutum ne da ya sha rana tare da mu. In kuma sai da kamfen ya zo ya san hanyar masallaci, ni dai zuciyata ba ta kwanciya.

Inda ya fi ta shi ne abin da ya faɗa a masallacin, kuma kar wani ya ce miki ƙaramin abu ne, wallahi mu nan mun ga yadda yake. Shekaru musulmi suna roƙon a rufe makaranta ran Sallah, a 2014 maimakon a ƙara Sallah sai hukumar ta cire sunayen duk bukukuwan addini daga kalanda, sai a 2015 aka amince yara su zauna gida ran Babbar Sallah ta 2016, a 2015 ɗin ne birnin New York ma ya sanar da nasa hutun Sallolin biyu. Sannan maganar littattafai, a 2023 aka janye damar da iyaye ke da ita ta cire yaransu daga darasin wasu littattafai masu maganar auren jinsi da sauya jinsi, iyaye musulmi da kiristoci suka kai ƙara, aka yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, a watan Yunin 2025 alƙalai 6 cikin 9 suka goyi bayan iyayen. Duk wannan doguwar wahala daga teburin mutum takwas ta taso. Don haka wanda ya san zafin abin a jikinsa yana da amfani a wurin.

Amma ga inda nake so ki tsaya ki yi tunani sosai. Ƙuri'a ɗaya gare shi in ya shiga. Hutun Sallah ba ya samuwa sai ya jawo rinjaye, kuma dokar Maryland ta ce sai an cika kwana 180 na karatu, kowace jiha da irin nata adadin, kenan duk ranar da aka cire sai an nemo inda za a mayar da ita. Ki tambaye shi kai tsaye, Malam wace rana za ka ɗauko ka biya, kuma su wa a cikin hukumar za su bi ka? Abincin halal nawa zai ci, daga wane layi na kasafin? Mai shiri zai ba ki amsa ko da guntuwa ce, wanda bai shirya ba zai koma wa'azi. Ita ma malamar ki yi mata tata tambayar, shekarun da kika yi a kujerar me kika yi kan Sallah, kuma kin yarda a sanar da iyaye kafin irin waɗancan darussa ko ba ki yarda ba? Ki lura ko za ta amsa ko za ta kewaye.

Sai maganar masu goyon baya. Ƙungiyar malamai ba abokan gaba ba ne, su ke tare da yaranmu tun safe, a nan har takarda suke rabawa mai hoton tuffa a bakin rumfar zaɓe da sunayen waɗanda suke so, mutane da yawa ita kawai suke bi. Sai dai ki tuna hukumar nan ita ke zama da ƙungiyar a yi cinikin albashi, to wanda suka ɗora dole a duba ko zai iya ce musu a'a ranar da ta kama. Shi ma uban ki duba wa ke ba shi kuɗi, rahoton kuɗin kamfen a buɗe yake a shafin hukumar zaɓe, saboda akwai ƙungiyoyin siyasa da ke zuba kuɗi a irin wannan ƙaramin zaɓen, yau suna tare da mu kan littattafai gobe su ne kan gaba wajen yanke kuɗin yaran baƙi. Mu kuma yaranmu da yawa da ajin koyon Turancin nan suka tashi.

Da ni ce, da abin da kika faɗa kaɗai, na fi karkata ga uban, amma da sharaɗin ya amsa tambayar kwana 180 da ta kasafi kamar wanda ya yi nazari. In ya kasa, kuma kika duba kika ga malamar ba ta taɓa tsayawa ta tare mana hanya ba, ita zan ba, sannan mu tara iyaye mu riƙa zuwa mitin muna tuna mata. In kuwa sawunta ya nuna ta sha ƙin sauraron iyaye to ko bai gama gogewa ba shi zan ba.

Ranar zaɓen ki juya takardar har ƙarshe, sunayensu can ƙasa suke kuma a yawancin jihohi ba a rubuta jam'iyya a gefensu, shi ya sa mutane ke tsallakewa. Ƙungiyar League of Women Voters na tura wa 'yan takara tambayoyi iri ɗaya ta wallafa amsoshin a shafin Vote411, ki sa adireshinki ki duba ko naku sun amsa. Kuma tunda kin taɓa cewa Alhaji har yanzu girin kad gare shi, wato izinin zama kawai bai zama ɗan ƙasa ba, ya raka ki in yana so amma kar ya yi rajista kar ya taɓa takardar ƙuri'a, yana iya jawo masa matsala babba a takardunsa.