Yarinyar da ba a ji muryarta ba: sharhina kan akwatin fina-finan kangararrun matasan Amurka

Wata biyu ke nan da akwatin nan ya iso hannuna, kuma da a makon farko na rubuta wannan sharhi, da abin da zan ce kawai shi ne kada kowa ya kusance shi. Faya-fayan DVD ne guda uku a kwali ɗaya, an rubuta a bayansa cewa yana ɗauke da fina-finai 10 na kangararrun matasan Amurka, irin waɗanda aka riƙa yi da ɗan ƙaramin jari tun daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa farkon shekarun 1960. Masu bibiyar tsofaffin fina-finai sun san inda ake samun irinsa, sun kuma san kuɗinsa, saboda haka ba zan tsaya a nan ba. Abin da ya kai ni ga sayensa shi ne na daɗe da kallon manyan fina-finai biyu da suka buɗe wannan ƙofa a 1955, wato Blackboard Jungle da Rebel Without a Cause, sai nake son ganin ƙananan da suka bi sawunsu, waɗanda ba su da tauraro irin James Dean, ba su da kuɗin manyan kamfanoni, jarinsu kawai fosta mai jan ido da alkawarin soyayyar da iyaye suka hana da kuma tabar wiwi.

Daren da ya iso, bayan sallar isha'i, na saka faifai na farko, na zaɓi wani fim na 1955 mai suna One Way Ticket to Hell. Hoton fari da baƙi ya fito, kiɗa ya tashi, sai muryar wani namiji ta fara ba da labari. Na jira 'yan wasa su karɓi magana, amma shiru. Ga uwa tana yi wa 'yarta faɗa, bakinta yana motsi, hannunta yana nuni, amma ko kalma ɗaya ba ta fitowa; ga samari a kan babura suna dariya, ita ma dariyar ba a jin ta. Na duba wayoyin da ke bayan talabijin, na cire na mayar, na gwada faifan a kwamfuta, duk abu ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na ɗauka an sayar mini da kwafin da rabin sautinsa ya ɓace, kuma a wannan dare na aika wa mai sayarwa saƙo mai zafi ina neman a mayar mini da kuɗina. Da safe ya amsa mini a taƙaice: “Malam, ka yi haƙuri, haka fim ɗin yake tun asali, ka daure ka kalle shi.” Na ɗauki maganar a matsayin irin hanzarin da 'yan kasuwa suka saba kawowa, har sai da na bincika da kaina na tarar gaskiya ya faɗa mini.

Ashe fim ɗin aikin ɗalibi ne. Wani matashi mai suna Bamlet Lawrence Price ne ya yi shi a matsayin aikin kammala digirinsa na biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, kuma ya ɗauki hotunan ba tare da naɗar maganar 'yan wasa ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san yadda ake ɗaukar fim: naɗar murya tare da hoto tana buƙatar ƙarin na'urori da ƙarin ma'aikata, kuma duk lokacin da mota ta wuce ko ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe sai an sake ɗauka, alhali kowane taku na zaren fim kuɗi ne. Wanda ba shi da hali sai ya ɗauki hoto kurum, daga baya ya shiga ɗaki ya ɗora murya ɗaya da kiɗa a kai. Muryar da aka ɗora a nan ta wani jami'in 'yan sanda ce mai kula da laifukan miyagun ƙwayoyi, shi ne yake karanto tarihin yarinyar kamar mai karanta fayil a gaban alƙali.

Da wannan sani na sake zama na kalle shi daga farko, kuma a nan ne abin da ban zata ba ya same ni. Labarin wata budurwa ce, Cassandra, wadda Barbara Marks ta fito a matsayinta. Gidansu ba daɗi, ta faɗa cikin samari masu babura, suka koya mata tabar wiwi, karatunta ya lalace. Ta auri saurayi mai hankali wanda kowane uba zai yi farin cikin ba shi 'ya, amma zuciyarta ba ta zauna a ɗakin ba, tana can wajen waɗanda aka hana ta kulawa. Daga nan sai ƙwayoyin barci, daga su sai hiroyin, sai dillanci domin ta sami abin da za ta saya wa kanta. Idan a takarda ne, wa'azi ne da kowa ya san inda zai ƙare. Amma a kan allo wani abu dabam yake faruwa, domin ɗan sandan yana yanke hukunci da bakinsa, ita kuwa fuskarta tana faɗin abin da bai faɗa ba. Yana kiranta mai rauni, mu kuma muna ganin yarinyar da take zaune cikin mutane babu wanda ya tambaye ta me yake damunta. An yi magana a kanta na kusan sa'a guda, uwa ta yi, miji ya yi, hukuma ta yi, ita kaɗai ce ba a ba ta dama ba. Na san rashin kuɗi ne ya jawo wannan shiru, ba dabara ba ce, amma ban taɓa ganin fim ɗin shaye-shaye da ya nuna mini kaɗaicin mai shan kamar yadda wannan shirun ya nuna ba.

Wani abin da talaucin fim ɗin ya ba shi shi ne wuraren da aka ɗauke shi. Tun da babu kuɗin gina ɗakunan wasa, sai aka fita titunan gaske da gidajen gaske, ana ganin motocin zamanin da shaguna da tsakar rana mai ƙuna, abin da manyan kamfanoni suke ɓoyewa a bayan fitilu. Sashen da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙwayoyin barci, inda matar aure take haɗiyar magani a ɗakinta ba tare da kowa ya kira abin shaye-shaye ba, domin a kwalba yake, ba a lungu aka sayo shi ba. Duk wanda ya ga yadda maganin tari mai kodin ya shiga ɗakunan 'yan mata da matan aure a garuruwanmu kafin gwamnatin Najeriya ta haramta shi a 2018 ba zai kalli wannan sashe a matsayin tsohon labarin wata ƙasa mai nisa ba.

Ya kamata mai saye ya san dalilin da ya sa kusan duk fina-finan akwatin suke buɗewa ko rufewa da wa'azin ɗan sanda ko alƙali, don kada ya ɗauka rashin basira ne kaɗai. A wancan lokaci dokar tace fina-finai ta Hollywood ta hana taɓa batun miyagun ƙwayoyi, har sai da darakta Otto Preminger ya fitar da The Man with the Golden Arm a ƙarshen 1955 ba tare da hatimin masu tacewa ba, sannan aka sassauta dokar a watan Disamban 1956. Ƙananan masu shirya fim da ba su damu da hatimin ba suna da hukumomin tacewa na jihohi da na birane a gabansu, kuma garkuwarsu ita ce su ce faɗakarwa suke yi. Amurka ma a lokacin a tsorace take da 'ya'yanta: a 1953 majalisar dattawa ta kafa kwamiti na musamman kan kangarewar matasa, an kuma tsananta hukuncin ƙwaya da dokokin 1951 da 1956. Saboda haka mai fim yakan sayar wa matashi abin da aka hana shi a fosta, ya kuma sayar wa uba tsoro a minti biyar na ƙarshe, duk da tikiti ɗaya. Kasuwarsu silimar fili ce wadda ake kallo daga cikin mota, irin wadda yawanta ya kai kusan 4,000 a Amurka a 1958, inda ake haɗa fim biyu a dare ɗaya.

Zuwa wannan mataki na riga na yafe wa akwatin, har na fara tunanin ba shi cikakken yabo. Sai ga Cassandra da abokin shanta sun gudu cikin hamada, 'yan sanda suna biye da su, ƙishirwar ƙwaya ta kama ta tana murƙususu a ƙasa, kuma daidai nan hoton ya farfashe ya daskare. Na goge faifan, na matsar gaba, na dawo baya, babu abin da ya sauya. Na'urar tana tsallake ragowar fim ɗin gaba ɗaya ta koma jerin sunaye. Wanda bai taɓa bin labari da zuciyarsa har bakin ƙarshe a yanke masa shi ba, ba zai gane irin takaicin da na kwana da shi ba. Wannan karon ba kuskurena ba ne, kuma ba laifin ɗalibin da ya yi fim shekara saba'in da suka wuce ba ne.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ciwo. Kwana biyu bayan haka na saka faifai na uku, na zaɓi wani mai suna Teenage Devil Dolls, sai ga muryar ɗan sandan nan, ga Cassandra, ga baburan. Fim ɗaya ne da suna biyu, kuma an lissafa shi a kwali a matsayin fina-finai biyu. Da farko na ma yi murna, ina cewa aƙalla zan ga ƙarshen, amma da aka iso hamada sai ya daskare a daidai wurin da na farko ya daskare, wanda ya tabbatar mini cewa kwafi ɗaya lalatacce aka zuba sau biyu. Sauya wa fim suna tsohuwar al'ada ce a wannan kasuwa, na sani. A cikin akwatin nan ma akwai fim ɗin 1949 na 'yar wasa Lila Leeds, wadda aka kama tare da tauraron fim Robert Mitchum kan tabar wiwi a 1948 sannan aka yi amfani da sunanta aka yi fim; ya fara fita da sunan Wild Weed bai yi kasuwa ba, sai mai rarraba fina-finai Kroger Babb ya karɓe shi ya sake masa suna She Shoulda Said No. Amma abin da masu yawo da fim gari-gari suka yi a wancan zamani ba hujja ba ne ga wanda yake haɗa akwati a yau. Duk wanda ya zauna ya kalli minti biyu na kowane fim kafin ya buga kwali zai gane, kuma rashin yin hakan ya nuna mini babu wanda ya kalli abin da ake sayar mana.

Da idona ya buɗe sai na koma kan kwalin da kyau. Hoton da ya fi girma a gabansa na mutum ne yana kaɗa piyano a bayan buɗaɗɗiyar mota, wato mawaƙi Jerry Lee Lewis a farkon High School Confidential na 1958, fim ɗin da Jack Arnold ya ba da umarni, kuma yana cikin waɗanda na fi ɗokin gani. Babu shi a ko ɗaya daga cikin faya-fayan uku. Sunansa ba ya cikin jerin da ke baya, na yarda, amma hoton da ke gaba shi ne ya fara tsayar da ni, kuma na tabbata don haka aka saka shi.

Sauran fina-finan ba su da abin da zai riƙe ni da yawa. The Cool and the Crazy na 1958, wanda aka ɗauka a birnin Kansas, yana da kuzari, sai dai yadda yake nuna yaro ya zuƙi tabar wiwi sau kaɗan ya zama mahaukaci ya wuce abin da hankali zai ɗauka, kuma irin wannan zuzutawa ita take sa matashi ya daina yarda da gargaɗin gaskiya. The Violent Years na 1956, na gungun 'yan mata masu fashi, hotonsa ya yi duhu har ba a bambance fuskoki da dare. Babu rubutaccen zance a ƙasan allo ko a fim ɗaya, alhali Turancin samarin cike yake da salon maganar zamaninsu wanda ko mai jin harshen sai ya saurara sau biyu.

Daga baya na sami ƙarshen labarin Cassandra a intanet, kyauta, na kalle shi a waya, kuma ba zan faɗe shi a nan ba don kada in ɓata wa wani. Da yawa daga irin waɗannan fina-finai haƙƙin mallakarsu ya faɗi, domin tsohuwar dokar Amurka ta buƙaci a sabunta rajista bayan shekara 28, ƙananan kamfanonin kuwa sun mutu kafin lokacin. Ke nan mai haɗa akwati bai biya kowa kuɗin fim ba, abin da nake biyansa shi ne ya nemo kwafi mai kyau ya duba shi, kuma wannan aiki ɗaya ne bai yi ba. Duk da haka ba zan ɓoye cewa ba don akwatin ba da ban san da wannan fim ba, kuma na sake kallonsa sau biyu har zuwa inda yake daskarewa.

Na rubuta wa mai sayarwa saƙo biyu a rana ɗaya. A na farko na nemi afuwarsa kan zargin da na yi masa game da sauti, domin hakkinsa ne a kaina, kuma ya amsa da mutunci cewa ba komai. A na biyu na aika masa hoton allon inda fim ɗin ya daskare a faifai na farko da na uku, na kuma roƙi ya sauya mini faifan ko ya gyara lissafin da ke kwali ya koma 9 saboda masu saye na gaba. Yau mako biyar ke nan ina jiran amsar wannan.