Zuwa ga Malam: Yadda Jamus da Ingila Ke Koyar da Tafiyar da Masana'anta

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Bayan gaisuwa, ga amsar tambayarka kan digiri na biyu a fannin tsara aikin masana'antu, tunda kwamitinku na shirin zana tasa manhajar.

A nan Jamus galibi shekara 2 ake yi, zango 4, maki 120 na auna nauyin darussa. Zangon ƙarshe gaba ɗayansa, maki 30, na kundin bincike ne, kuma ɗalibai da dama a cikin masana'anta suke rubuta shi, a kan abin da ke damun kamfanin da gaske: me ya sa kaya ke taruwa gaban inji guda alhali na bayansa na zaman jira, ko me ya sa sauya wuƙar inji ke cinye rabin safiya. A Aachen, ɗakin binciken injunan ƙira na WZL tun 1906 yake aiki, ga cibiyar binciken fasahar ƙira ta Fraunhofer IPT kusa da shi, ɗalibi na taya su aiki ana biyansa. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan na rajistar zango, ko da yake jihar Baden-Württemberg tun 2017 tana karɓar Yuro 1,500 a zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba.

Ingila kuwa wata 12 an gama, kuɗin kuma mai tsoka ne. Irin su WMG, sashen koyar da harkar masana'antu na Jami'ar Warwick, wanda Farfesa Kumar Bhattacharyya ya kafa a 1980, sun iya lissafin riba, jigilar kaya da shugabanci. Ga wanda ya riga ya goge a wurin aiki, wannan ya wadatar. Sabon injiniya dai, a ganina, shekara guda ta yi masa kaɗan.

Abu ɗaya nake roƙo, Malam: kada ɗokin "Industrie 4.0" (wato haɗa injunan masana'anta da kwamfuta da intanet), sunan da ya fito a baje kolin Hannover na 2011, ya sa ku cika manhajar da mutum-mutumi da na'urorin auna bayanai. Ko a wurin Jamusawan da suka raɗa sunan ma, sai ɗalibi ya ƙware a ƙididdiga, kula da inganci, ilimin ƙarafa da tsarin kanban na Toyota (amfani da kati don a ƙera kaya sai an buƙace su). Ku fara samun masana'antun da suka yarda su karɓi ɗalibai na wata 6, a rubuce, kafin ku raba makin darussa.

A gaishe mini da Hajiya da yara.